Ranar da Aka Tambayi Mahaifina Sunana

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ranar Litinin, a makon farko na shekarar karatu, sabon malami ya shigo ajinmu. Waɗanda ke wurin su ne mu 'yan aji huɗu, mu goma sha tara, da malamin Arabiyya wanda ya rako shi, da wani dogarin hakimi da ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da kekensa. Na san lokacin daidai domin abu na farko da ya yi shi ne ya ajiye agogo a kan tebur, ya juyo mana fuskar agogon, ya tambayi wanda ya iya karantawa. Ni na karanta.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan babban yaƙinsu na biyu. Makarantar tamu ƙaramar elementare ce a ƙasar Boɗinga, ɗaki biyu na laka. Ni mutumin Shagari ne. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina da mahaifiyata, saboda haka tun da aka yaye ni kawuna, yayan mahaifiyata, ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a Boɗinga. A hannunsa na tashi, a hannunsa kuma dogari ya same ni ranar da aka fito neman yaran da za a sa boko. Shagari sai da salla nake zuwa. In na je nakan durƙusa daga nesa in gaida mahaifina, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi.

Sabon malamin gajere ne, baƙi, da gajeren wando da doguwar safa. Ya ce zai fara gaya mana ko shi wane ne, domin kada mu ji a kasuwa. Ya ce daga kudancin ƙasar Zazzau ya fito, daga wani ƙauye a gindin duwatsu. Ya ce ya koyar a wata Midil, wato makarantar gaba da elementare, shekara shida kafin a turo shi ya riƙe makarantarmu, ya kuma shirya 'yan aji huɗu don jarrabawar shiga Midil ta birni. Sannan ya ce shi Kirista ne, ɗan Katolika. Ya zaro carbi daga aljihu mai ɗan gicciye a ƙarshensa, ya ɗaga ya nuna mana, ya ce mu gan shi yau don kada gobe wani ya je gida ya ce malam na ɓoye laya. Malamin Arabiyya, tsoho mai raha, ya ce to, tunda har da carbi ai da sauƙi. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sabon malamin ya ce bai zo ya taɓa addinin kowa ba, addini yana hannun wannan dattijo, shi nasa lissafi ne da Turanci da labarin ƙasa, kuma in lokacin salla ya yi ko tsakiyar darasi ne zai sallame mu. Ya cika wannan alkawari har ranar da ya bar garin.

Daga nan ya ɗauki alli ya rubuta dokokinsa a allo, ya sa muka kwafe su a bangon littafi. Shida ne.

Ta farko, wanda ya zo bayan an kaɗa ƙararrawa zai tsaya waje har sai an kira shi. Ta biyu, Litinin da Alhamis zai duba farce da riga da bayan kunne. Ta uku, ba wanda zai yi magana sai an tambaye shi. Ta huɗu ita ce wadda ta fi ba mu mamaki: ya ce wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, shi ba ya dukan yaro don jahilci, amma yana duka don ƙarya. Ta biyar, a ajinsa ba a durƙuso, a tsaye ake ba da amsa. Wannan ta ba mu wuya, an yi kusan wata guda gwiwoyinmu na lanƙwashewa da kansu in ya kira mu.

Da ya zo ta shida sai ya ajiye allin. Ya ce ba zai aika sunan kowane yaro Midil ba sai uban yaron ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a gabansa, ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda. Ba wakili, ba saƙo. Ya gaya mana dalili. A inda ya koyar, ya ga an kawo yara waɗanda dagatai suka tura ba da son iyayensu ba. Yaro ya yi wata biyu ko uku, uban ya aiko a sace shi da dare ko ya gudu da kansa, gurbinsa ya tashi a banza, alhali ga wani yaro can a ƙauye da ke so an hana shi. Ya ce ya rantse ba za a sake yin haka ta hannunsa ba. Malamin Arabiyya ya gyaɗa kai ya ce wannan adalci ne. Ni ma a raina na ce adalci ne. Ban kawo komai a kai ba.

Na so mutumin nan, ko da yake ban taɓa nuna masa ba. Ina son abu mai tsari, shi kuwa komai nasa da lokacinsa da mazauninsa. Alli a dama, bulala a hagu, rajista a tsakiya. Ran Juma'a ba ya cin nama, sai matar kawuna ta riƙa aika masa da dafaffen wake, shi kuma ya aiko mata da sabulu. Ran Lahadi yakan rufe ƙofarsa da hantsi, mu ji yana rera waƙa shi kaɗai da harshensu, don babu coci kusa, babu kuma ɗan'uwansa ko ɗaya a garin. Yara sukan laɓe su saurara. Ni ban taɓa zuwa ba, ina ganin bai dace ba.

A lissafi ni ne na ɗaya. A Turanci na biyu. Wata rana ya tsayar da ni bayan an tashi, ya ce in na shiga Midil kada in tsaya nan, akwai makarantu a gaba. Ya kwatanta mini ɗakin kwanan ɗalibai, da ɗakin da aka jera littattafai har sama. Tun daga ranar ba ni da wani tunani sai wannan. In ina kora jakin kawu zuwa fadama, lissafi nake yi a ka.

Da damina ta sauka, ana tsakiyar noman farko, takarda ta zo daga birni cewa makarantarmu ta aika sunayen yara uku da za su zauna jarrabawa. Malam ya karanta sunayen a aji. Nawa ne na farko. Ya ce iyayenmu maza su zo ran Alhamis bayan an tashi, domin a ranar masinja zai wuce da jakar wasiƙu.

Kawu ya je ya same shi ya ce shi ne mai riƙona, shi zai tsaya mini. Malam ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce doka ta ce uba, kuma uban yana da rai. Kawu ya dawo yana dariya, ya ce wa matarsa wannan mutum bai san abin da ya tono ba. Duk da haka washegari ya hau jaki ya tafi Shagari. Da ya dawo ya ce ya faɗa, surukin nasa bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Ran Alhamis ƙarfe ɗaya saura kwata na hango mahaifina ta taga. Da ƙafa ya zo. Ya sa babbar rigarsa ta salla, gefenta duk laka, takalmansa a hannu. Daga baya na ji cewa ana idar da sallar asuba ya kama hanya, ya bar 'yan gayya a gonarsa. A ranar kawu yana gona, tunda an ce ba a bukatarsa. Malamin Arabiyya kuma ya tafi Dingyaɗi jana'izar wani abokinsa. Masinja na zaune a gindin tsamiya yana jira.

Aka fara da sauran biyun. Ɗaya ɗa na biyar ne a gidansu, ubansa ya ce ya yarda, aka sallame shi. Ɗayan auta ne, ubansa mahauci mai surutu. Ya dafa kan yaron ya ce, “Tai da shi, Mallam, ko mu huta da cin tuwo nai.” Malam ya yi dariya, ya sa alama a takarda.

Sannan aka kira mu. Mahaifina ya ajiye takalma a waje ya shigo. Malam ya miƙa masa kujera, ya ƙi, ya tsuguna a ƙasa kusa da ƙofa, ya ba ni rabin bayansa. Ni ina tsaye jikin bango, kamar yadda doka ta biyar ta ce, ina jin kamar a kan wuta nake, ubana a ƙasa ni a tsaye. Suka gaisa. Mahaifina ya ja gaisuwar, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi baƙunta. Na ga malam ya saci kallon agogo.

Malam ya nuna ni ya ce, “Baba, wannan ɗanka ne?”

Mahaifina bai juyo ba. Ya ce, “Haka mutane ka hwaɗi.”

Malam ya ɗaga kai daga takarda. Ya ce, “To mene ne sunansa?”

Sunan kakana aka sa mini, mahaifin mahaifina. Ko da ba ɗan fari ba ne ni, wannan suna ba zai fita daga bakinsa ba. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa.

Malam ya sassauta murya. Ya yi bayani cewa yaron nan shi ne ya fi kowa a ajin, cewa akwai gurbi a birni, cewa abin da ake so kawai shi ne a ji daga bakin uba. Ya ce, “Kana so ya tafi Midil?”

Mahaifina ya ce, “Mallam, wanga yaro na kawu nai na. Ni mi nas sani ga sha'ani nai?”

Malam ya sake tambaya, ya sauya kalmomi, ko Hausarsa ce ba a gane ba. Mahaifina ya ce duk abin da manya suka gani shi ke nan, shi ba shi da ta cewa. Sau uku aka yi haka. A na ukun na ga fuskar malam ta canja. Ba fushi ba ne, tausayi ne. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa maraya. Ya ɗauki rula, ya ɗora a kan takarda, ya ja layi miƙaƙƙe a kan sunana, ya rubuta sunan yaro na huɗu a ƙasa. Ya gode wa mahaifina da zuwa. Mahaifina bai iya boko ba, bai san abin da layin ke nufi ba. Ya yi godiya, ya sa wa malam albarka, ya tashi ya ɗauki takalmansa. Ya wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin. Ya yi azahar a masallacin unguwarmu ya koma Shagari a ranar. Ƙarfe biyu masinja ya tafi da jaka.

Mai karatu zai ce me ya hana ni magana. Na sha yi wa kaina wannan tambaya. Na farko, ba a tambaye ni ba. Na biyu, yaro ba ya buɗe baki a gaban ubansa ya fassara shi ga baƙo. Na uku shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa. Na san kunyar ɗan fari, a cikinta aka haife ni, na ga ana yi a kowane gida. Amma ban taɓa jin ta a gaban wanda bai san ta ba. Da na ji kalmomin nan da kunnen malam, sai suka zame mini sababbi. Na ce a raina, to in gaskiyar ce fa? In duk shekarun nan ba kunya ba ce, ba ya so na ne kawai? Shekaruna goma sha uku a lokacin, ko sha huɗu.

Saboda haka ban gaya wa kowa ba. Kawu ya tambaye ni yaya aka yi, na ce ya zo. Ya ce madalla. Malam kuma, don ya rufa mini asiri, bai sanar da canjin a aji ba, a keɓe ya gaya wa yaro na huɗu. Ya riƙa tausasa mini fiye da da. Wata rana ya ba ni fensir sabo ba dalili. Wannan ya fi bulala ciwo.

Kwana tara ana haka. A rana ta goma wani mai jaki daga Shagari ya sauke kaya a ƙofar gidan kawu: sabuwar tabarma, da ƙaramin akwatin katako da aka sa kafinta ya yi, da bargo a ciki. Saƙon da ya kawo shi ne a ba mai tafiya. Kawu ya kira ni yana murna, ya ce yaushe ne jarrabawar. Na tsaya ina kallon akwatin. Sannan na gaya masa duka, daga tambaya ta farko har zuwa rula.

Kawu ya miƙe. Ya sa hularsa ya tafi gidan malamin Arabiyya, suka ɗauke ni muka tafi gidan malam tare. La'asar ta wuce, yana zaune a ƙofa yana gyaran littattafai. Malamin Arabiyya bai ja gaisuwa ba, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Ya ce, “Mallam, mutum ya bar noma tsakiyar damina, ya taso tun daga Shagari da ƙafa, ka ce bai amsa ba? Zuwan nan nasa ai ita ce amsar.”

Malam ya ce amma mutumin ya ƙi ko faɗin sunan yaron, ya ce ba ruwansa da shi. Tsohon ya zauna ya yi masa bayani a hankali. Ya ce a ƙasar nan uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna shi a gaban mutane, wani ma ba ya zama inuwa ɗaya da shi. Ya ce da ya ga dokar a allo ya yaba, bai tuna akwai ɗan fari a ajin ba, laifin har da nasa. Ya ce da mutumin ba ya so, da ciwon ƙafa zai aiko ya ce yana yi.

Malam ya saurari tsohon har ya gama. Sai ya ce a garinsu da sunan ɗan fari ake kiran uba, shi ma ɗan fari ne, kuma a kafaɗa ubansa ya ɗauke shi ya kai shi makarantar Fada, limamin cocinsu, yana gaya wa duk wanda suka haɗu da shi a hanya. Sannan ya juyo gare ni.

“Kai kuma me ya sa ba ka yi magana ba?”

Na ce, “Ba ka tambaye ni ba, Malam.”

Ya rufe littafin da ke hannunsa, ya shiga ɗaki. Muka jira, bai fito ba, muka tafi.

Abin da ya yi bayan haka zan faɗa bi da bi, don hakkinsa ne a faɗa. Washegari ya rubuta wasiƙa. Bai jira masinja ba, ran Asabar ya hau keke ya kai ta birni da kansa. Ya dawo da yamma jiƙe da ruwa, ya ce an ce an rufe, an riga an jera sunaye, sai baɗi. Ya ƙi cire yaro na huɗu, ni ma ban so a cire shi ba, ba shi da laifi. Asabar ta gaba ya hau keke zuwa Shagari tare da kawu. Kawu ya ce a gona suka sami mahaifina, malam ya cire hularsa ya tsuguna a cikin kunya, ya faɗi abin da ya yi, ya nemi gafara. Mahaifina ya jingina da fartanya ya saurara har ƙarshe. Ya ce Allah bai nufa ba. Ya sa aka kama zakara aka ɗaure wa baƙo a bayan keke. Kawu ya ce sai da suka yi nisa ya waiwaya, ya hango shi a tsaye inda suka bar shi, bai koma noman ba.

Ran Litinin malam ya sa mu buɗe bangon littafi, ya ce mu ƙara a ƙarƙashin doka ta shida: ko wanda ke riƙon yaro.

Baɗin bai zo mini ba. Na maimaita aji huɗu, amma kafin damina aka yi wa malam canjin wurin aiki. Baturen makaranta da ya zo duba mu ya sa muka tsaya a layi, ya dube ni, ya ce na yi girma. A shekarar na yi tsawo ƙwarai. Karatuna ya tsaya a nan. Na shiga aikin allurar shanu, na yi shi har na ajiye, ban taɓa makara ba. Akwatin na riƙa zuba kayan aiki a ciki har ya lalace. Yaro na huɗu ya yi nisa a karatu, in mun haɗu muna gaisawa da kyau.

Ni da mahaifina ba mu taɓa tayar da zancen ba. Shekara ashirin da wani abu muna gaisawa daga nesa. Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani aka aiko mini, na zo, na zauna a bakin ƙofar ɗakin, kawu na ciki kusa da shi, shi ma ya tsufa. Bayan la'asar ne. Na ji mahaifina ya ce wa kawu, da murya wadda ya san zan ji, “Ka ce ma wancan shi yahe mani zancen makaranta. Na so in hwaɗi, bakina ya ƙiya.”

Tsakanina da shimfiɗarsa bai fi taku huɗu ba. Ina iya tashi in shiga in kama hannunsa. Sai na ji bakina ya ce wa kawu, a gaya masa ba komai. Kawu ya juya ya gaya masa, kamar daga wani gari aka kawo saƙon. Kwana biyu bayan haka ya rasu.

Malamin kuma ban sake ganinsa ba. Wani direba ɗan ƙasarsu ya gaya mini, shekaru da yawa bayan nan, cewa ya koma ƙauyensu ya tsufa ya mutu a can.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan abu biyu. In Musulmi ne, ya karanta wa mahaifina Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya roƙa masa gafara, ni na yafe masa tun ranar da akwatin ya iso. In kuwa daga mutanen malamin ne, ban san yadda kuke yi wa mamatanku addu'a ba, amma ku yi masa yadda kuka saba.